Ƙeyar da Ta Fito a Kashi na Biyu

Gara in faɗi laifina da bakina kafin wani ya faɗa da ƙari. Na tsaya a gaban dattawan garinmu na ce na kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, har da wallahi, alhali kashi na ɗaya kaɗai na kalla. Cajin wayata ne ya ƙare, ni kuma na ga babu dalilin wahalar da kaina, tunda babu wanda bai san yadda labarin ya ƙare ba. Kawu ya gaya mana. Ya gaya mana a wurin suna, ya gaya mana a zaman makoki, ya taɓa gaya wa wani mai tallan katifa da ya tsaya tambayar hanyar Gezawa kawai, mutumin bai bar garin ba sai da aka yi la'asar da shi.

Fim ɗin ya girme ni. An yi shi a ƙauyenmu, nan gefen Ɗanbatta, tun zamanin kaset. Labarin shari'a ne, ana tuhumar wani saurayi da cinna wa rumbun wani attajiri wuta. An ce a birni har yau in masu son tsofaffin finafinai suka zauna hira sai sun ambace shi. Mu ba wannan ne ya dame mu ba. Abin da muka sani shi ne ajin 'yan aji huɗu na firamarenmu shi ne kotun, kuma kawuna, wan mahaifiyata, shi ne shaida.

Duk wanda ya yi wayo a lokacin yana da labarin makon da 'yan fim suka yi a garin. Sun zo a bas guda, su da kayansu da wani janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Akwai darakta, ɗan siririn mutum mai usur a wuya, wanda ko gaisuwa da tsawa yake yin ta. Akwai mai kyamara, wanda talotalon mai unguwa ya tsana tun ranar farko, yana binsa har bayan gida. Akwai wani dogo da aikinsa kawai ya ɗaga sanda mai makirufo a kan mutane. Tsofaffi sun ɗauka mangwaro ya zo tsinka, suna ta ba shi haƙuri cewa bai nuna ba tukuna. Daga baya aka gane makirufon ma ba ya aiki, ɗaga shi ake yi don kada a raina su.

Sun manto hulunan lauyoyi a Kano. Sai suka je wurin ladan suka ari buzunsa, shi kuma ya ba su da murna, yana cewa ashe 'yan fim ma suna salla. Suka yanka shi uku, alƙali ɗaya, lauyoyi ɗaiɗai. In ka lura a fim ɗin, lauyan gwamnati ba ya minti biyu bai sosa kai ba. An ce mutanen birni sun yaba masa, wai salon zurfin tunani ne. Mu mun san ƙuma ce.

Wanda aka shirya zai fito a shaida bai zo ba, motarsa ta mutu a Bacirawa. Darakta yana tsaye yana zagin iska sai ga Kawu ya dawo daga wurin suna, da farar babbar riga da hula da ɗan gemunsa. Kawu ya ce darakta ya dube shi sau ɗaya ya ga gaskiya a fuskarsa. Aka tsayar da shi a cikin wani akwatin katako da kafinta ya haɗa, aka ce ya ɗaga yatsa ya nuna saurayin, ya ce: "Ranka ya daɗe, da idona na gani." Sau biyu kawai aka maimaita, darakta ya tafa masa.

Kawu yana sauke yatsa aka kece da ruwa, ruwan farko na shekarar. Rufin ajin kwano ne, ba a jin komai, darakta ya ce kowa ya zauna har a ɗauke, akwai sauran aiki. Mutumin birni ne, bai sani ba. A garinmu in ruwan shuka ya ɗauke, ko aski ake yi maka da rabin kai za ka tashi. Gonakinmu a bakin ƙofa suke, daga tagar ajin ma ana hango ta Kawu. Ɗigon ƙarshe yana faɗowa darakta ya busa usur ya juyo, ya tarar da bencuna wayam, babu kowa. Masu sauraron shari'a sun tafi, masinjan kotu ya tafi, ɗan sanda ɗaya da aka ara a cikinmu ya tafi da kakin a jikinsa. Kawu ya tuɓe babbar rigar da hular ya rataye a taga, ya ɗauki sungumi. Da ya dawo da magariba, bas ta tafi, riga da hula ma babu. Bai ji haushi ba. Ya ce sun tafi da su Kano ne domin ajiyar tarihi.

Bayan kaka aka kawo kaset na kashi na ɗaya, aka taru a gidan wani mai bidiyo aka kalla. Ya ƙare ne daidai kan fuskar Kawu, yatsa a sama, ganga tana bugawa. Sai dai muryar da ta fito daga bakinsa ba tasa ba ce. A lokacin haka suke aiki, in sun gama ɗauka sai su koma Kano su sami masu murya su sake faɗar komai. Muryar Kawu 'yar siririya ce, in yana kiran akuya sai kaji su zo. Ta cikin fim kuwa kamar an buga turmi a cikin rijiya. Mutane suka ce kai, ashe haka muryarsa take in magana ta kai ga gaskiya. Kawu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Washegari dai aka ji ya fara gaisuwa daga can ƙasan ciki.

Kashi na biyu bai taɓa zuwa ba. Mai kaset ya ce ya ƙare, ya ce mako mai zuwa, sannan bidiyon ta ƙone, sannan kaset ya ɓace a duniya. Babu wanda ya damu. Kawu ya ce bayan irin wannan shaida me ya rage, ai sai gidan yari. Saurayin nan kuwa ya shiga uku a garinmu. Ya zama babban ɗan wasa, amma duk fim ɗin da ya fito, ko a likita ne ko a liman, sai kakata ta yi tsaki ta ce a ɓoye ashana.

Daga nan Kawu ya zama shaidar gari. A wurinmu ba a cika rubuta takarda ba in za a raba gona ko a sayar da sa. Mutum ake kira ya tsaya ya gani, in rikici ya taso bayan shekaru sai a ce ya faɗa. Wa za a kira in ba wanda ya tsaya a gaban alƙali bai yi rawar murya ba? Kuma ba ya cuta. Yana riƙe abu a kai kamar an ɗaure da igiya, ya san wace bishiya ta wane ce, ya san inda aka dasa kowane layin gamba na iyaka. Ba shi da shanu, ba shi da babur, gonarsa ma 'yar kaɗan ce. Abin da yake da shi ke nan, in ya ce ya gani, magana ta ƙare.

Mutum ɗaya ne ba ya ba shi wannan girman, mahaucin garinmu mai tsire a bakin titi, wanda taubashinsa ne. Duk sanda Kawu ya wuce sai ya ɗago daga kan wuta ya ce: "Bawana, ka ga ƙarshen fim ɗin nan kuwa?" Sai ya yi dariya shi kaɗai, ya ci gaba da fifita. Babu wanda ya ɗauki abin da zafi, wasan taubasai ne.

A bazarar da ta wuce wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, suka sami saɓani kan iyakar gonar da mahaifinsu ya raba musu kafin ya rasu. Gambar da aka dasa a tsakani ta mutu, ƙanen ya matso da layin gero biyu, ya ce nan ne. Kawu ne ya tsaya ranar rabon. Mai unguwa ya sa ranar Asabar a je gonar, Kawu ya nuna.

A cikin makon ne na je kasuwar Ɗanbatta, na shiga shagon masu turi a sa min wasannin ƙwallo a waya. Yaron shagon yana ta wucewa da hotunan tsofaffin finafinai a kwamfutarsa sai na ga tagar ajinmu. Na gane ta, domin murfinta na hagu a karye yake, kuma har yau ba a gyara ba. Na ce ya tsaya. Ya ce kashi biyu ne, duka zai tura? Na ce ko goma ne ya turo.

A mota na kalli na ɗaya, wata mata tana leƙe ta kafaɗata, zakaranta yana leƙe ta ɗaya kafaɗar. Kawu yana ɗaga yatsa wayar ta mutu. Ina sauka ban ko shiga gida ba, na wuce majalisar dattawa a ƙofar masallaci, na durƙusa na ce na samo kashi na biyu. Sai da wani tsoho ya haɗiye goronsa. Mai unguwa ya tambaye ni ko na kalla duka, domin finafinan nan ba a rasa rawa da waƙa a ciki, kada a tara manya a kunyata su. A nan ne na ce wallahi na kalla, babu komai sai shari'a tsantsa. Ya ce to ranar Juma'a bayan la'asar, a ajin da aka yi shi. Ya sa aka kira mai gidan kallon ƙwallo, ya karɓi memorin wayata ya kwafe fim ɗin, aka ce ya zo da talabijin da janareta.

Kwana biyu ina yawo a gari kamar ni na haƙa rijiyar masallaci. Mai shayi ya ƙara min madara. Sai ranar Juma'a da hantsi, ina kwance a zaure ba aikin yi, na ce bari in ga yadda ake ɗaure ɗan banzan nan.

Ba a ɗaure shi ba. Lauyansa ya miƙe ya ce a dawo da shaida. Sai ga farar babbar riga da hula a cikin akwati, an ɗauko ta baya, alƙali yana fuskantarmu. Lauya ya tambaya yaya aka yi ya gane fuskar mutum a daren da babu wata. Murya ta fito, wannan muryar dai ta turmi a rijiya, ta fara kame-kame. Lauya ya matsa. Sai muryar ta fashe da kuka, ta ce ƙarya ce, attajirin ne ya saye shi da takalmi ƙafa ɗaya da alkawarin ɗayar in an ci shari'a. Babbar riga ta zube ƙasa, ta yi rarrafe, ta kama ƙafar alƙali. 'Yan sanda suka ja ta waje tana shure-shure. Aka saki saurayin, aka yi kiɗa.

Na kife wayar. A raina na ce ashe Kawu ya koma bayan shuka ya yi wannan, ya ɓoye mana shekara da shekaru. Sai kuma na tuna gobe Asabar.

Na ruga wurin mai gidan kallo na ce ya nuna na ɗaya kawai, na biyun hotonsa ba kyau. Ya ce mai unguwa ya sayi man kashi biyu, kashi biyu zai nuna. Na yi tunanin zuba wa janaretan yashi, amma a kansa yake zaune yana cin gyaɗa, kuma ya fi ni girman jiki sau uku. Na ce to bari in gaya wa Kawu ya yi ciwon kai na ƙarya, kada ya zo kallon.

Na same shi a tsakar gida, an yi masa gyaran fuska, hularsa ta dawo daga wurin wanki tana kan gungume tana bushewa. Kafin in buɗe baki ya sa matarsa ta kawo min ƙwan zabi dafaffe har uku. Ya ce shekarun nan duka abu ɗaya yake roƙo, ya ga ƙarshen fim ɗin nan kafin ya mutu, ashe ta hannun ɗan ƙanwarsa Allah zai kawo. Na dube shi, babu alamar mai ɓoye wani abu. Na ɓare ƙwai ɗaya, na rasa ta inda zan shigo, sai na ce: "Kawu, ai fim duk ƙarya ne."

Ya ce: "Na wasu dai."

Na cinye ƙwan uku. Ban san me ya sa ba, amma na cinye.

Bayan la'asar ajin ya cika. Dattawa sun zauna a bencin 'yan aji huɗu, gwiwoyinsu a haɓa. Tsofaffin mata suna tagogi, yara suna kan darbejiya kamar jemagu. Mahauci ya kafa tirensa a bakin ƙofa, ya ce shi ba kallo ya kawo shi ba, sana'a ce. An sa wa Kawu kujerar hedimasta a gaba. Ni na zauna kusa da ƙofa, na cire takalmi na riƙe a hannu.

Kashi na ɗaya ya ci ninkin lokacinsa. Babu mai bin labari. Da kyamara ta wuce kan masu sauraron shari'a sai wani ya ce a tsaya, ga babansa can, a mayar baya. A mayar, a ce Allah ya jiƙansa, a shafa. A ci gaba kaɗan, wata ta ce daga taga ga kekensu da aka sace. An rufe allon ajin da zanin gado, amma ta ƙasa ana ganin bakwai sau takwas, kuma amsar da aka rubuta ba daidai ba ce, har hedimasta ya sunkuyar da kai. Da hulunan lauyoyi suka bayyana, ladan ya ce a wuce wurin nan da sauri. Da aka zo kan Kawu, ajin gaba ɗaya ya ɗaga yatsa ya faɗa tare da shi. Kawu ya gyaɗa wa kansa kai a hankali, kamar ya haɗu da wani mutumin kirki a hanya.

Aka sa na biyu.

Ban kalli talabijin ba, ƙeyoyin mutane na riƙa kallo. Da aka fara kame-kame, masu cin tsire suka daina tauna. Da aka zo kan takalmi ƙafa ɗaya, wani yaro a kan bishiya ya yi dariya, aka ji uwarsa ta kira cikakken sunansa. Da aka zo rarrafe, babu abin da ake ji sai janareta. Kukan ya yi tsawo, ni a kunnena ya fi huɗubar Idi. Mai gidan kallo ya tsayar da fim ɗin da kansa ba wanda ya ce masa.

Ƙanen nan mai layin gero biyu shi ya fara gyaran murya. Ya ce da mai unguwa, cikin ladabi sosai, maganar gobe ko za a ɗan duba wani shaidan, tunda yanzu kowa ya gani da idonsa.

Kawu ya miƙe, hannunsa a kan kujera. Ya ce: "Ban yi wannan ba. Gona na tafi."

Ƙanen ya ce rigar ta wa ce? Kawu ya ce tasa. Hular fa? Tasa. To muryar fa, ba ita ce dai ta kashi na ɗaya ba, wadda duk gari ya sani?

Kawu ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce muryarsa ce, to shi ne mai rarrafe. In ya ce ba tasa ba ce, to shekarun nan duka da muryar aro yake gaisawa da mutane. Ya dubi talabijin, ya dubi ƙasa. Sannan ya buɗe baki da 'yar siririyar muryarsa ta ainihi, wadda yaran garin ba su taɓa ji ba, ya ce waccan muryar ba tasa ba ce, ko a na ɗaya ma ba tasa ba ce, a Kano aka sa masa, shi kuma da ya ji ta yi kyau sai ya riƙe. Wani ya yi ƙoƙarin danne dariya ya kasa. Ƙanen ya buɗe hannuwa ya dubi jama'a, irin na kun ji dai.

Ina shirin sa takalmi in gudu Gezawa in fara sabuwar rayuwa sai wanzamin garinmu ya ɗaga sandarsa daga bencin baya. Tsoho ne tukuf, shi ya yi wa rabin ajin askin suna, sauran rabin kuma ya yi musu kaciya, saboda haka in zai yi magana ba a katse shi. Ya ce a mayar baya, wurin da mai rigar ya sunkuya hula ta zame. Aka mayar. Ya ce a tsaya. Ya tako a hankali har gaban talabijin, ya goge gilashinsa da bakin riga, ya kai hancinsa kusa kamar zai sunsuna.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "wannan ba ƙeyarsa ba ce."

Ya ce shekara nawa yana aske Kawu duk Alhamis. Ƙeyar Kawu doguwa ce mai rami a tsakiya, in ya zuba ruwan aski sai ya gangara har gadon baya. Wannan kuwa mai ninki uku ce, ruwa kwanciya yake yi a ciki. Ya sa yatsa a kan gilashin ya ce ga tabon ƙaho nan guda huɗu, kuma aikinsa ne, ya san hannunsa. Uku a jere suke, na huɗun ya karkace zuwa kunne, domin mai ƙeyar zabura ya yi da aska ta taɓa shi. Ya ce a duk rayuwarsa mutum ɗaya ne ya taɓa tashi a guje da ƙaho manne a wuya, sai a bakin kasuwa aka kamo shi, kuma abin kunyar, mutumin kullum da wuƙa yake yini.

Ajin gaba ɗaya ya juya ƙofa. Mahauci ya riga ya ɗora tire a ka, ya kai wajen tutar makaranta, yana tafiya irin ta wanda bai ji komai ba. Yaran kan bishiya suka sauko suka tare hanya. Mai unguwa ya ce a ce masa ya zo, ba faɗa ba ne.

Aka tsayar da shi kusa da talabijin, ya ba jama'a baya, aka ce ya cire hula. Ninkin ya zama biyar yanzu, sai da wanzami ya sa yatsa biyu ya buɗa. Tabo uku a jere, ɗaya ya nufi kunne. Dattawa suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, su dubi gilashi, su dubi ƙeya, su koma su zauna. Liman ma sai da ya zo.

Mahauci ya yi bayani yana kallon bango. Ya ce ranar ya yanka wa 'yan fim akuya, ba shi da halin barin nama ya tafi shuka, shi kaɗai ya rage a harabar makarantar. Darakta ya roƙe shi kamar zai yi kuka, aka zura masa rigar da ke taga, aka ce ba za a nuna fuska ba, ya durƙusa kawai ya riƙa girgiza kafaɗa. Rarrafen ma shi ya ƙara da kansa, da ya ga darakta yana jin daɗi. Bai san me aka sa a bakinsa ba sai bayan shekara biyu, da ya kalla a gidan wani ɗan'uwansa a Bacirawa. Mai unguwa ya ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce in ya faɗa sai an nemo kaset, in an nemo kuma wanzami yana da rai.

Kowa ya zuba wa Kawu ido, ana jiran ya rama tsokanar shekaru. Ya dubi taubashinsa ya ce: "Bawana, ina rigata?"

Mahauci ya ce ba ta je Kano ba.

Ana cikin dariya sai muryar kakata ta shigo ta taga, tana tambaya wai yanzu yaron nan ba shi ya ƙona rumbun ba? Aka ce ba shi ba ne. Ta yi salati. Ta ce ita ta shiga uku, shekara nawa tana tsine wa ɗan mutane, har ta taɓa tofa wa hotonsa yawu a jikin kalanda. Wasu tsofaffi suka ce su ma. Aka fara shawarar ko a rubuta masa takardar ban haƙuri da sunan gari, sai aka rasa wanda ya san gidansa. Kakata ta ce ita dai gobe za ta soya waina ta yi masa sadaka.

Na ɗauka an manta da ni. Ina sulalewa mai unguwa ya ce ina mai wallahi? Na dawo na durƙusa na faɗi gaskiya, har da maganar caji. Liman ya ce irin wannan rantsuwar tuba ake yi mata. Mai unguwa ya ce tuban zai fi shiga jiki in an haɗa da kai taki gona, kwana uku, da jakinsa mai cizo.

Ranar Asabar aka je gonar. Ƙanen ya sake tayar da maganar murya, mai unguwa ya ce ba murya aka zo aunawa ba. Kawu ya tsaya a gindin ɗorawa, ya taka bakwai zuwa gabas, ya ce nan aka dasa gambar, da siririyar muryarsa, har sai da aka ce ya maimaita don na baya ba su ji ba. Aka kafa turke a wurin. Ƙanen ya janye layinsa biyu, kuma har yau ba ya amsa gaisuwata.

Rigar ta dawo bayan mako guda a cikin leda. Matar mahauci ta daɗe da yanka ta, ta yi wa yara riguna, ta yi matatar koko da ragowar. Aljihun gaba mai aiki ne kawai ya rage, shi aka kawo. Hular ba a same ta ba.